Gasayar Baba Tshuma

A shekarar da madatsun ruwan Bulawayo suka ƙafe har laka ta tsattsage, hukumar gari ta hana ban ruwa da tiyo. Famfo kan zo sau ɗaya a mako, wani makon ma ya yi ƙememe. A duk layinsu a unguwar Luveve lambu ɗaya ne ya rage kore, na Mehluli Tshuma, tsohon mai gyaran bututu a ma'aikatar jirgin ƙasa. Ɗan siririn fili ne tsakanin gidansa da na maƙwabcinsa Zenzo Nkiwane. Tshuma ya daɗe yana nomansa, da ganyen tshomoliya, ɗan'uwan kabeji, da albasa da tumatir, ga bishiyar gwaiba a tsakiya. Ruwan wanka da na wanke-wanke yake tarawa a bokiti yana ba su, matarsa MaHadebe ba ta isa ta zubar da ko ɗigo a kwata ba.

Nkiwane yana da motocin haya, kombi biyu, kuma shi ne shugaban ƙungiyar mazauna layin. Ya sha roƙon Tshuma ya bar masa filin ya riƙa kwantar da motocinsa.

"Haba maƙwabci, ganye nawa za ka ci kai da matarka? Ni zan riƙa sayo maka a kasuwa."

"In motarka ta fara fitar da tumatir, ka zo mu yi magana," in ji Tshuma.

Wata safiya ruwa ya zo da ƙarfi, gwaibar kuwa ta fara zubar da ganye. Tshuma ya waiga hagu da dama, ya jona tiyo, ya ba ta ruwa ta ƙoshi. Ba a rufa mako ba sai ga ma'aikatan ruwa. Suka kwance mitarsa, suka toshe bututun, mutanen layi na tsaye suna kallo. Bai sha wahalar neman wanda ya kai ƙararsa ba. A taron mazauna layi Nkiwane ya miƙe, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Ni na kai rahoto, kuma gobe ma in na gani zan kai. Doka ba ta san maƙwabci ba." Har aka sami masu tafa masa.

Daga nan Tshuma, da furfurarsa, ya koma bin layin rijiyar burtsatse da baro da jarkoki. Ruwan da yake samowa na sha ne da girki, babu rarar da za a ba shuka. Tshomoliya ta fara tafiya, albasa ta bi ta, gwaiba ta bushe a tsaye. Ba a jima ba kombi ɗaya ta sa ƙafar gaba a kan kunyar farko. Wata na zagayowa duka biyun suna kwana a wurin, baƙin mai yana ɗiga inda dā tumatir yake.

Tshuma ya ci gaba da gaisawa da Nkiwane kamar dā. In sun haɗu ya kan ɗaga hannu ya ce, "An tashi lafiya, Shugaba?" Amma MaHadebe ta san mijinta. Ya daina cin abinci sosai, ya daina sauraron ƙwallo a rediyo, sai ya zauna a bakin ƙofa ya zuba wa tayoyin nan ido.

Ita ce ta kai ƙararsa wurin 'yarsu Sithabile da ke aiki a Johannesburg. Sithabile ta aiko da kwali ta hannun direbobin da ke jigilar kaya: ɗan injin tura ruwa wanda bai fi dunƙulen hannu ba, da doguwar fitila, da farantin sola. Ta kira shi a waya ta yi masa bayani.

"Baba, kifi a ƙasa, shuka a sama. Kashin kifin shi ne takin, saiwar shukar kuma ta tace ruwan ya koma wa kifin. Ruwan nan ɗaya shi zai yi ta zagayawa. A cikin ɗaki za ka yi, ba mai ganin ka."

"Kifi a ɗaki? Ni kada ne?"

Ya yi tsaki ya tura kwalin ƙarƙashin gado. Amma hannun da ya saba da bututu ba ya iya zama. Ana nan sai MaHadebe ta tarar ya fitar da gadon ɗakin baya, ɗakin da Sithabile take kwana dā. Ya sayo shuɗiyar duro ta roba ya yanke mata kai. Ya samo tsohon bahon wanka a wurin masu gwangwan, ya ƙera masa ƙafafu da ƙarfen gado ya ɗora shi sama da duron. Tsakuwa kuwa daga gefen layin dogo ya kwaso ta, ya wanke, ya sake wankewa, ruwan wankin ma bai zubar ba. Ya haɗa bututu daga duro zuwa baho, wani daga baho ya sauko duro, ya ajiye batir a lungu saboda ɗaukewar wuta.

'Ya'yan karfasa na farko da ya sayo, gaggawa ta sa ya zuba su ranar da ya cika duron, kuma ya yi ta ɗura musu abinci. Ba su daɗe ba suka juya ciki sama. Gidan ya ɗauki ƙarni.

"Baban Sithabile," in ji MaHadebe tana toshe hanci, "an raba mu da ruwa, yanzu kuma iskar ma za ka raba mu da ita?"

Ya kwashe su ya binne. A karo na biyu ya bar ruwan ya yi ta zagayawa shi kaɗai har tsakuwar ta yi santsi, sannan ya sa kifi kaɗan, yana ba su abinci da tsinin yatsa. Waɗannan suka rayu. Ya dasa tshomoliya a cikin tsakuwar, ba ƙasa ko cokali ɗaya, ta kama, ta buɗe ganye kamar faifai. Sai ga shi yana dariya, rabonsa da ita tun ranar da aka kwance mitarsa.

Fitilar nan da Sithabile ta aiko wani haske take bayarwa, ja-ja shuɗi-shuɗi. Tagar ɗakin kuma tana kallon tagar kicin ɗin Nkiwane, kombin ne kawai a tsakani. Wata yamma Tshuma yana rage wa kifi abinci, ya ɗaga kai ya ga fuskar Nkiwane a waccan tagar, an ɗage labule da yatsa ɗaya. Fuskar ta ɓace. Washegari ta dawo.

Ya daɗe a tsaye da gwangwanin abincin kifi a hannu. Sannan ya leƙa tsakar gida.

"MaHadebe, irin gasayar nan da kika zo da shi daga ƙauye, yana nan?"

"Yana nan. Me za ka yi da shi?"

"Marmari nake yi."

Ya tuge tshomoliyar da ke kusa da taga, ya shuka gasaya. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ganyenta, yatsu biyar a buɗe kamar tafin hannu. Amma daga nesa, ta cikin gilashi, ƙarƙashin wannan fitila, sai ka rantse wiwi ce. Da ta yi tsawo ya manne tagar da tsofaffin jaridu, ya bar wata 'yar kafa daidai inda ganyen ya fi yawa. Da ta fara fitar da fure sai ya riƙa tsinke shi, don furen ne zai tona asiri.

Ya sayo ƙaton kwaɗo ya sa wa ƙofar ɗakin. Ya koma zuwa shagon giya inda direbobin Nkiwane suke zama in sun tashi aiki. Ya sayi kwalba ɗaya ya yi ta juya ta.

"Baba Tshuma, kwana biyu ka yi ƙiba," in ji ɗaya daga cikinsu. "Ko fansho ya ƙaru ne?"

"Wane fansho? Ɗan ganye ne nake taɓawa a ɗaki." Ya sa yatsa a leɓe. "Kun ji ni ban ce komai ba."

MaHadebe ta gane inda aka dosa tun kafin ya faɗa. Ita da MaGumbo, matar Nkiwane, tare suke waƙa a coci, tare suka yi goyon 'ya'yansu.

"Ka ji tsoron Allah, Baban Sithabile. Mai gina ramin mugunta an ce ya gina shi gajere."

"Ni ban gina rami ba. Miya na shuka. In wani ya ga miya ya faɗa ciki, ƙafarsa ce ta kai shi."

Zagayen karɓar baƙuncin ƙungiyar taimakon jana'iza ya zo kansa a wata Asabar. Rabin layin 'yan ƙungiyar ne, har da Fasto Mlotshwa. Ana saura kwana kaɗan Tshuma ya koma shagon giya, ya bari maganar ta suɓuce masa: ranar Asabar da hantsi masu ɗaukar kaya za su zo, za a girbe komai a wuce da shi.

Asabar ta yi. Mata sun cika tsakar gida da fararen riguna da ɗankwali, maza suna kan benci a inuwar katanga, tukunyar tuwon masara tana tafasa. Fasto ya buɗe baki zai yi addu'a ke nan sai motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofa. Wata sajan ce ta fito, mace mai jiki, da kurata biyu a bayanta. Nkiwane na gaba, ya sa kwat, yana nuna hanya.

"Ga shi nan. Ɗakin baya, mai kwaɗo. Ku yi haƙuri jama'a, amma ba zan zuba ido a lalata mana yara ba."

Tshuma ya miƙe a hankali, ya laluba aljihu kamar mai neman hanyar gudu. Ya ce, "Tunda abin ya zo a gaban mutane, a buɗe a gaban mutane. Fasto, zo ka zama shaida."

Aka buɗe. Ɗakin ya cika, waɗanda ba su samu shiga ba suna ɗage a ƙofa. Ba abin da ake ji sai ƙarar ruwa yana sauka a duro, kifaye suna kai da komo. Sajan ta dubi bahon, ta tsinki ganye ɗaya, ta murza, ta kai hanci. Ta sake dubansa. Sai kafaɗunta suka fara rawa.

"Baba," ta ce wa Nkiwane, "a wane gari aka haife ka?"

"Ni? A Nkayi. Me ya kawo wannan?"

"A Nkayi, can karkara, kuma ba ka san gasaya ba? Da me tsohuwarka ta yaye ka?"

Wata tsohuwa ta kutsa ta karɓi ganyen. "Gasaya ce! Wallahi gasaya ce, har ta fi ta damina kyau!" Dariya ta fashe daga ɗaki ta bi ta tsakar gida har titi. Kuratan suna dariya, Fasto ya juya baya yana tari. Nkiwane ya ce a duba ƙarƙashin tsakuwa, a duba cikin duro. Sajan ta daina dariya ta ce masa man motar hukuma ba na wasa ba ne, in ya sake kiran su a kan miya shi za su tafi da shi.

Tshuma ya jira har aka yi shiru. Wannan lokacin ya daɗe yana tauna shi a ransa, a layin burtsatse, a bayan baro.

"Kada ku ga laifin Shugaba," ya ce da murya mai sanyi. "Doka ba ta san maƙwabci ba. Ashe miyar gidansu ma ba ta sani ba."

Ya sa aka girbe gasayar a take, aka dafa ta da niƙaƙƙiyar gyaɗa, aka soya manyan kifayen. Kowa ya ci, har sajan aka ƙunsa wa nata. Ya cika kwano guda ya ba wata mata ta miƙa gidan Nkiwane. Aka dawo da shi ba a taɓa ba, ya zauna ya cinye abinsa.

Kafin Litinin labari ya kai tashar mota. Da kombin Nkiwane ta shigo sai 'yan kamasho su ɗauka, "Gasaya ta iso! Saura mutum biyu, Gasaya!" Wani ya rubuta sunan da yatsa a ƙurar gilashin baya. Da aka zo zaɓen ƙungiyar mazauna layi, Nkiwane ya miƙe zai yi magana, wani daga baya ya tambaya ko ya zo da gyaɗa. Bai ƙarasa jawabin ba, kujerar kuma ta koma hannun wata malamar asibiti.

MaGumbo ta daina shigowa. A coci ta canza benci. Wata safiya Tshuma yana ɗakin kifi ya ji ana sauke bulo. Ya cire jaridun tagarsa ya ga magini yana toshe tagar kicin ɗin Nkiwane, layi bayan layi. Ya jawo kujera ya zauna yana kallo har aka sa bulon ƙarshe.

MaHadebe ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta a ƙugu.

"To, hankalinka ya kwanta? Shi dai ba shi ke girki ba. MaGumbo ce za ta yi ta girki a cikin duhu da hayaƙi, baiwar Allah da ba ta yi maka komai ba."

"Ni na aiko magini?"

"Ba kai ka aiko shi ba."

"To."

MaHadebe ta ɗauki jarkoki ta ɗora a baro, ta ce yau ita za ta je burtsatse, tana son ta sha iska. Shi kuwa ya kira Sithabile ya tambaye ta ko injin nan zai iya ɗaukar baho na biyu.