Kwalaben Maganin Direba

Tun da maigidana ya ajiye tuƙin jirgin ƙasa, ɗakinmu na baya ya fi ƙarfina. Ya fitar mini da keken ɗinki zuwa falo, ya kwantar da tsohuwar ƙofa a kan kujeru biyu, ya shiga gina 'yar ƙaramar tasha a kanta, irin wadda ya yi shekara talatin da ɗaya yana shiga yana fita. Har agogon bango sai da ya yi mata, da famfon nan da bai taɓa kawo ruwa ba. Na yi mita kwana biyu na haƙura. Ni Direba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Tela, haka muka tsufa.

Ginin bai ba shi wuya ba, mutanen tashar ne aiki. Kowanne tsayinsa bai wuce gaɓar yatsa ba. In ya riƙe kai, fentin hula ya goge. In ya riƙe ƙafa, mutumin ya suɓuce ya shige ƙarƙashin kabad, mu biyu mu durƙusa da tocila muna neman mai sayar da tikiti. Dole ya haɗa musu mariƙi. Da kwarkwaron zarena ya fara, yana liƙa ƙafar mutum a kai da danƙo, amma kwarkwaro ba nauyi, ko tari ya yi sai ya kife.

Ana cikin haka zuciyarsa ta kai mu asibiti. Likita ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Baba, ƙwaya ɗaya kowace safiya. Ba a tsallake ko kwana ɗaya." Ta miƙo 'yar kwalbar roba mai farin murfi, ta wata guda.

Tun a mota na ga yana jujjuya ta a tafin hannu, yana shafa murfin da babban yatsa.

"Tela, kin ga wannan? Daidai hannu. In ta ƙare na cika ta da yashi, ba abin da zai kifar da ita."

"Kai dai ka sha abin da ke ciki tukuna," na ce.

Ni da kaina na ɗebo masa yashi a bokiti na ajiye a baranda. Kwanakin farko na lura hannunsa na rawa in ya ɗauki kofin shayi, cokali na ƙara a jikin kofin. Ya ce maganin ne. Bayan mako biyu rawar ta ɗauke, na yi hamdala, na ce jiki ya saba.

Duk ƙarshen wata sai sabon mariƙi ya hau kanta. Mai tuta a kan ɗaya, ɗan dako da akwati a ka a kan wani. In na leƙa da tsintsiya nakan ƙirga su, raina ya yi fari. 'Yarmu ta kira daga inda take aure ta tambaya ko Baba na shan magani, na ce mata, "Kwalba bakwai ya shanye, ga su can jere da mutane a kansu." Har da dariyata.

Sai dai ido ba ya barin mutum ya huta. Takalminsa na fita ya daina shigarsa, ya koma silifas. Matakala uku ce daga tsakar gida zuwa baranda, amma sai ya tsaya a ta biyu ya dafa bango, wai yana duba tsagewar siminti. Wurin kwanciya, filo ɗaya ya zama uku. In yana fenti, daga falo ina jin numfashinsa kamar ana jan buhu a ƙasa. Na tambaya, ya ce warin fenti ne.

Ran wata Talata da hantsi ina share baranda na janyo bokitin yashin nan. Ciyawa ta tsiro a ciki, har ta yi tsayin ɗan yatsa. Saman yashin a shafe yake, ruwan sama ya daddaɓe shi, ko cokali ɗaya ba a taɓa ɗiba ba.

Yana wanka lokacin. Na shiga ɗakin, na ɗauki kwalbar mai tuta na girgiza. Shiru. Na murɗe murfin. Auduga ce a cushe a baki. Na zare ta, ƙwayoyi suka zubo mini a hannu, farare tas. Na buɗe ta biyu, na buɗe ta uku. Ta watan farko ce kaɗai aka taɓa, ita ma rabi. Na zauna a kujerarsa. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba ko lokacin da jirginsa ke kwana a hanya ba labari.

Ya shigo da tawul a wuya ya gan ni. Bai yi musu ba.

"Direba, wata bakwai kana kallon idona."

"In na sha, hannuna rawa yake yi," ya ce a hankali. "Idon mutumin nan ɗigo ɗaya ne, Tela. In hannu ya motsa, fuska ta tafi."

"To fuskar roba ta tafi mana. Ni in binne ka saboda ɗan dako?"

"Saura ɗaya. Ita kaɗai ta rage."

Ya nuna kwalba ta takwas, ta wannan watan, can bayan gwangwanayen fenti. Mace ce tsaye da kwanon abinci a ɗaure cikin ƙyalle, ta ɗan karkata kai tana leƙen hanyar jirgi. Mayafinta shuɗi mai farin gefe, irin wanda na ɗinka wa kaina shekarar da aka haifi 'yarmu. Komai ya gama, fuskar ce kawai ba ido.

"Kwana uku nake nema," ya ce.

"Ko wuni ɗaya ban ba ka ba."

Na tattara kwalaben a zanina, na ɓanɓare mutanensa na jera masa a tebur. A ranar muka koma asibiti, likita ta yi masa faɗan da ni ban iya ba. Ta ce zuciyar ta ƙara kumbura, in aka sake wasa ba ta da abin cewa. Daga nan ni ke riƙe da magani. Kowace safiya in sa masa ƙwaya a tafin hannu, in miƙa ruwa, in tsaya har maƙogwaronsa ya motsa. Cokali ya dawo yana ƙara a kofi. Ban taɓa zaton zan so wannan ƙarar ba. Matar kuwa na bar masa ita a kan kwalbarta, na juye ƙwayoyin na cika ta da yashi da hannuna. Yakan zauna ya dube ta, bai taɓa buroshi ba.

Mako biyar ke nan. Shekaranjiya na ga ya sha shayi ba ƙara, na ce wa raina kofin ne bai cika ba.

Yau da safe ya karɓi ƙwayarsa, ya kurɓi ruwa, ya yi mini murmushi, ya ce bari ya sauka tsakar gida ya sha iska. Na shiga ɗakin baya da tsintsiya. Matar na tsaye a bakin tasha, an sauke ta daga kan kwalba an liƙa ta a wurinta, kusa da famfo. Na sunkuya. Ido biyu, baƙaƙe, daidai wa daida, ko gezau hannun da ya ɗiga su bai yi ba. Hannun mai shan maganin nan ba zai iya wannan aikin ba.

Ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ina tsaye ina kallonta na ji silifas ɗinsa a matakala. Ya hau ta ɗaya. Ya hau ta biyu. Na riƙe tsintsiya ina jiran ta uku.