Tulun Ngo Kangyang

Ranar wata Alhamis aka raba Rifkatu da sosonta, a gaban mata arba'in da wani abu, ana tsakiyar koyon waƙa. Soson ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, guntun katifa ne da aka naɗe da fata, amma da shi ake dukan bakin babban tulu, kuma duk wanda ya san Zumuntar Mata ya san tulu ne ke riƙe da waƙa. Mai ganga tana iya kuskure, mai kuge ta yi gaba abinta, masu caki su yi ta shirmensu a baya. Muddin tulu yana cewa dum a inda ya kamata, ƙafar kowace mace za ta sauka daidai. Shekara ashirin da shida Rifkatu tana wannan aiki a cocinsu na Barnawa.

Wadda ta raba ta da shi Madam Blessing ce, sabuwar Uwar Zumunta, matar wani darakta, mai mota da turare da murmushin yaƙe. Wata huɗu da zaɓenta ta sauya anko, ta kawo fiyano, ta kuma kai wa dattawan coci shawarar a sayo tulun ƙarfe wurin maƙeran Panteka, a kai na ƙasar sito. Dattawa suka ce a'a, abin da aka keɓe wa Allah ba a jingine shi da sauran amfaninsa. Da Madam ta rasa yadda za ta yi da tulun, sai ta juyo kan mai kaɗa shi. Ranar Alhamis ɗin ta ɗaga hannu, waƙa ta tsaya, ta dubi Rifkatu, wadda ake kira da sunan ɗanta.

"Mama Joshua, waƙar godiya muke yi, ba jana'iza ba. Hannunki ya gaji, ki huta haka nan. Ba Lydia soson."

Lydia ƙanwar mijin Madam ce, mace mai damtse irin na masu dakan sakwara, ba ta da mugunta ko kaɗan, ba ta kuma da kunnen kiɗa. Ta zo ta ɗan rusuna, ta ce Mama ta yi haƙuri, ta miƙo hannu biyu. Rifkatu ta ba ta. Aka damƙa mata caki, aka nuna mata benci na ƙarshe, wurin amaren da ba su gama haddace waƙoƙi ba. Tana tafiya ta ji wata ta yi dariya ƙasa-ƙasa, ta kuwa gane muryar, ta ajiye a ranta.

Rifkatu ba mai faɗa ba ce. Irin matan nan ne da za ka take musu ƙafa su ce maka sannu, su kuma riƙe takun har ranar da za a binne ka. Da wani tulu ne daban, wataƙila da ta haɗiye. Amma wannan uwarta ce, Ngo Kangyang, ta gina shi da hannunta da yumɓun ƙauyensu na wajen Vom, ta rungumo shi a cinya cikin babbar mota har Kaduna, shekarar da maigidanta ya sami aiki a masaƙar Kakuri. Da Rifkatu ta tashi daga ƙyanda tana 'yar shekara biyar, bayan kowa ya cire rai, Ngo ta ɗauko tulun a ka ranar godiya, ta dire shi a gaban coci ta ce na Allah ne. Ita ta kaɗa shi har hannunta ya fara rawa, sannan ta miƙa wa 'yarta soso.

Washegari Rifkatu ta sami Fasto a ofishinsa ta ce tunda an sallame ta, a ba ta tulun uwarta ta kai gida. Fasto mutum ne mai sanyin baki. Ya ba ta kujera, ya ba ta ruwa, ya yi mata doguwar nasiha a kan tawali'u, sannan ya ce tulun ba nata ba ne, ba nasa ba ne, ba na Madam ba ne, don abin da aka dire a gaban Allah ba ya komawa gidan kowa. Ta yi godiya ta fito. Kafin ta kai bakin titi ta gama yanke shawara: idan ba za ta kaɗa shi ba, ba za ta kuma tafi da shi ba, to sai ya kunyata Madam a ranar da kunyar za ta fi zafi. Ranar kuwa tana tafe, don saura mako shida a yi babban taron shekara a Gonin Gora, inda zumuntar coci goma sha biyu za su yi waƙa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai abin da duk cocin ba wanda ya sani sai ita. Tulun yana da tsaga, siririya kamar gashi, daga wuya har tsakiyar ciki, ba a ganinta sai an leƙa ta ciki da fitila. Tun Ngo tana da rai ya same ta, ita ce kuma ta koya wa 'yarta yadda ake lallaɓa shi. A narka kakin zuma a shafe tsagar ta ciki duk farkon wata. A zuba masa ruwa kofi uku kafin a fara, ruwan ne ke ba shi muryar nan mai shiga ƙirji. Kada a bar shi a rana, kuma a doke shi da wuyan hannu, ba da kafaɗa ba. Duk Asabar ta farkon wata Rifkatu takan shiga keke har Tudun Wada ta sayo kaki wurin Malam Garba mai zuma, kuma cikin shekara ashirin da shida ba wadda ta taɓa tambayarta dalilin da ya sa take riga kowa zuwa coci da awa guda.

Mako biyu da fara kaɗawa, Lydia ta tare ta a bakin famfo, fuskarta duk damuwa, ta ce ita dai ba ta gane ba, muryar tulun ba ta fita a hannunta kamar yadda take fita a hannun Mama, ko akwai abin da take yi ba daidai ba? Rifkatu ta dube ta. Yarinyar tsakaninta da Allah take tambaya, kuma amsar kofi uku ce kawai, ga famfon ma a gabansu.

"Ƙarfi za ki ƙara, 'yata," in ji Rifkatu. "Tulu ba ya son a tausaya masa."

Lydia ta yi godiya har ƙasa. Daga ranar kuwa ta shiga sauke masa kafaɗa, tana duka kamar mai fushi da katifa. Rifkatu na can benci na ƙarshe tana kaɗa cakinta a hankali, kowane duka ta ji shi a haƙarƙarinta, kowane duka kuma ya yi mata daɗi. Ko a addu'a ba ta roƙi Allah ya sanyaya mata zuciya ba, don ba ta so ta huce.

Sai dai tulun ya ƙi fashewa. Mako huɗu, mako biyar, muryarsa ta bushe, Madam na ta ƙorafi a kansa a gaban kowa, amma yana nan daram a kan gammonsa. Rifkatu ta gane kakinta ne ke riƙe da shi, shafe a kan shafe na shekara da shekaru. Wato aikin hannunta ne ke rufa wa Madam asiri. Wannan ya fi komai ba ta haushi.

Ana gobe taro, ranar Juma'a da safe, layin sharar coci ya faɗo kanta. Ta zo da tsintsiya, ta zo kuma da 'yar wuƙar da take yanka albasa. Da sauran masu shara suka koma tsakar fili, ta shiga ɗakin kayan kiɗa ta durƙusa, ta zura hannu har kafaɗa. Ba ta bukaci fitila ba, yatsunta sun san hanyar tsagar fiye da hanyar gidanta. Da ta fara kankara, ƙamshin kaki ya taso, ƙamshin da zanin Ngo yake yi, sai hannunta ya tsaya. Can sai ta tuna kalmar nan, jana'iza, da dariyar da aka yi ƙasa-ƙasa, ta ci gaba da kankara har wuƙa ta fara cin yumɓu. Ta ƙulle ɓarɓashin kakin a gefen zani, ta zubar a kwata a hanyar gida.

Ranar taro an tashi da rana irin ta watan Maris, wadda ke sa kwalta laushi. Filin Gonin Gora ya cika da rumfuna da anko kala-kala, manyan motocin hanyar Abuja na wucewa suna ƙara wa lasifika hayaniya. Madam ta ce a fito da tulu gaban rumfa yadda mai ɗaukar bidiyo zai same shi da kyau. Rifkatu da kanta ta kama aka ɗauko shi, ta ma ƙara matsar da shi gaba kaɗan, inda inuwa ba za ta iso ba ko da yamma. Madam har ta yaba mata. Tun ƙarfe goma yake zaune a wurin, babu ɗigon ruwa a cikinsa, layinsu bai zo ba sai wajen ƙarfe biyu.

Suka fito a jere, Madam a gaba da makirufo, gwaggwaronta ya kusa taɓa rufin rumfa. Baiti na farko ya wuce lafiya, na biyu ma haka. A na uku, inda waƙar ke hawa, mata na sunkuyawa suna juyi, Lydia ta ɗaga soso sama da kanta ta sauke. Tulun ya yi wata 'yar ƙara maras daɗi, ya rabe biyu, sannan ya zube a kan gammo.

Mai ganga ta tsaya. Mai kuge ta ƙara bugu biyu ita kaɗai, ita ma ta tsaya. Ƙafafu suka harɗe, wata ta taka wata. Madam ba ta ga abin da ya faru a bayanta ba, ta ci gaba da rerawa, sai ga muryarta tsirara a lasifika, siririya, a karkace, a gaban coci goma sha biyu da fastocinsu. Dariya ta fara daga rumfar matan Sabon Tasha ta zagaye filin. Rifkatu ta tsaya da caki a hannu tana kallon ƙeyar Madam tana jiƙewa da gumi, wani daɗi ya ratsa ta tun daga tafin ƙafa. Mako shida take jiran wannan, bai kuma gaza yadda ta zata ba.

Daɗin bai kai minti uku ba. Madam ta juyo, ta ga tulun a zube, sai fuskarta ta washe, wannan karon ba yaƙe ba ne. Ta yafito direbanta. Ya ruga wajen mota ya buɗe but, sai ga shi ɗauke da tulun ƙarfe, sabo fil, an shafe shi da fenti kalar ankonsu. Ashe tun kafin dattawa su hana ta riga ta sa an ƙera, watanni yana yawo a bayan motarta yana jiran rana.

"'Yan'uwa, Allah ya karɓi tsohon abinsa, ya kuma tanadar mana sabo," in ji ta a makirufo.

Fili ya ɗauki tafi da guɗa. Wata ta karɓi soso daga hannun Lydia, aka koma baiti na uku. Muryar tulun ƙarfen kamar ana dukan durom ɗin ruwa, amma mata suka yi rawa, har dattawan da suka hana sayensa suna gyaɗa kai. Abin da Madam ta nema wata da watanni ta rasa, Rifkatu ce ta miƙa mata da wuƙar albasa.

Da aka tashi, Madam ta biyo ta gefenta tana fifita da takardar shirin taro, ta tsaya.

"Mama Joshua, na ji kin je wurin Fasto neman tulun mamanki. Ga shi can, ki kwashe. Yanzu ba mai hana ki."

Rifkatu ta kwance mayafinta ta shimfiɗa a ƙasa, ta durƙusa tana tsinta. Sai ga Lydia ta durƙuso kusa da ita, hannunta ɗaure da hankici inda katangar fasasshen tulun ta yanke ta, tana kuka da majina. Ta ce ita ce ta fasa tulun Kaka, ita da mugun hannunta, Mama ta yafe mata don girman Allah. Rifkatu ta dubi abin da ta tsinto. A hannunta akwai wata babbar katanga ta wajen wuya, cikinta yana sama. Ga sawun yatsun Ngo a jere, inda ta murza yumɓu yana ɗanye, ga kuma sabon kankaren wuƙa fari tas ya ratsa ta kansu. Ta yi sauri ta kife ta kafin yarinyar ta gani.

Ba ta bi motar coci ba. Ta tari keke a bakin titi, ta zauna a baya ita kaɗai, ta ɗora ƙunshin a cinya ta rungume da hannu biyu. Hanyar Barnawa ba ta rasa ramuka, duk ramin da keken ya faɗa sai katangun su yi kacau-kacau a cikin mayafi, kamar cakin da aka ba ta. Mai keken ya waiwayo ya tambaya ko wani abu ne ya fashe mata. Ta ce masa ya dubi gabansa.