Shinkafar da Ta Ƙi Tuƙuwa

Inna Uwa ta tashi daga jinyar da ta yi da damina ba sauran haƙori na kirki a bakinta, ba kuma sha'awar abinci. Kunu take sha, shi ma sai an lallashe ta. Ranar da ta fara cewa tana marmarin wani abu, 'yarta Hassana, wadda ta baro ɗakin mijinta a Kurfi ta zo Rawayau jinya, sai da ta yi hamdala a fili. Tuwon shinkafa tsohuwar take so, mai laushi, da miyar taushe da ɗan man shanu, irin wanda take tuƙawa da Sallah lokacin da hannunta ke iya juya muciya.

Ba haka saƙon ya isa Dutsin-Ma ba. Badaru, wanda ke zaune a can, ɗanta na fari ne, Inna Uwa kuwa mutuniyar da ce, mai alkunya. Ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta roƙonsa komai baki da baki. Iyakar abin da ta ce shi ne, “Ki ce wa baban Raihana in zai zo ya taho da shinkafa.” Hassana ta maimaita masa haka a waya ba ƙari, don a ganinta duk wanda aka haifa a gidan ya san abin da tsohuwa marar haƙori za ta yi da shinkafa.

Badaru ba mugu ba ne. Ma'aikaci ne, yana salla, ba ya cin haƙƙin kowa. Aibinsa ɗaya: tsakanin ofishinsa da ɗakin uwarsa ba wata tafiya ba ce a babur, amma sai wata ya fito ya faɗi bai leƙa ba. Masu irin wannan hali in abin ya dame su ba zuwan suke ƙarawa ba, tsadar tsaraba suke ƙarawa. Tun da ya girma yau ne karon farko da Inna ta nemi wani abu a hannunsa, sai ya ƙudurta ba zai kai mata shinkafar da kowa ke ci ba.

Ya wuce masu awo a bakin kasuwa, da tiyoyinsu cike da 'yar Hausa, ko kallonsu bai yi ba. Ya shiga kantin Alhaji Labaran ya ce basmati yake so, doguwar shinkafar nan ta ƙasar waje. Alhaji ya sauko masa da iri uku: mai hoton ɗawisu, mai jirgin ruwa, da wata mai jakar yadi da zik. Ya ce ta ɗawisu ta fi tsawon ƙwaya, ta jirgi ta fi ƙamshi, mai zik kuwa an turara ta tun a can, ko wadda ba ta iya girki ba ta dafa ta ba za ta caɓe ba. Badaru ya shinshina, ya zuba a tafi ya nufi ƙofa don ya ga launinta a rana, ya kira wani abokin aikinsa ya nemi shawara, ya fita ya duba wani kantin ya dawo.

“Malam Badaru, auren shinkafar za ka yi ne?” in ji Alhaji Labaran. “Dafa-duka za a yi ko da miya?”

“Babbar baƙuwa ce, Alhaji. Ba ni wadda ba ta caɓewa.”

Ya ɗauki mai zik. Duk tambayoyin da ya yi a ranar, bai yi wadda take da amfani ba, alhali lambar Hassana na cikin wayar da ke hannunsa.

A Rawayau ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaida Inna, ta amsa tana kallon bango kamar yadda ta saba. Ya tura jakar ciki yana bayanin ƙasar da ta fito. Tsohuwar ta shafa yadin, ta ja zik ɗin ta mayar, ta ce wa Hassana Allah ya yi albarka. Bai jira an ɗora tukunya ba, ya ce yana so ya koma da sauran rana.

Hassana ta dafa ta har ruwa ya ƙone, ta ƙara wani, ta sa muciya. Ƙwayar ta yi ta zamewa, kowace tana harkar gabanta, ba danƙo ko kaɗan. Washegari ta jiƙa ta ta daka, tuwon ya fito yana wargajewa a mara. Ta gwada da garin rogo, ya kama, amma ya zama wani abu dabam. Ga ƙamshin, wanda Badaru ya biya kuɗinsa, shi ke tayar wa tsohuwar da zuciya. Loma biyu take yi ta ce a miƙo mata kunu.

Hassana ta ce bari ta kira Yaya ta gaya masa. Inna ta hana. Ta ce to bari ta auno tiya ɗaya wurin Jibo mai tebur. Nan ma ta hana, ta ce garin nan ba a ɓoye komai, kowa ya ga jakar da aka shigo da ita. In aka ga Hassana a teburin Jibo, za a ce yaron ya kawo wa uwarsa abin da ba ya ciyuwa. Duk mai zuwa dubiya kuwa sai ta sa an ciro jakar an nuna masa zik ɗin.

Sau ɗaya Hassana ta saɓa mata. Ta samo 'yar Hausa ɗanya daga gidan mijinta, ta tuƙa a ɓoye, ta kawo a rufe. Inna ta gutsura ta kai baki, ta lumshe ido, ta daɗe ba ta haɗiye ba. Sannan ta ture kwanon.

“Wannan ba tasa ba ce. Ɗauke.”

Wannan ba haƙuri ba ne, taurin kai ne da aka yi wa ado da sunan kunya. Hassana ma da laifinta, don akwai umarnin da bin sa cutarwa ne. Amma haka aka tarbiyyantar da su, kowa yana kare mutuncin wani, tsohuwa tana ramewa.

Da Badaru ya kira ya tambaya ko Inna na cin shinkafar, Hassana ta ce tana taɓawa. Ya ɗauka cewa bai dace da iri ba ne. Ya koma wurin Alhaji Labaran ya ɗauki mai jirgin ruwa, ya ba ɗan acaɓa ya kai. Bayan wani lokaci ya aika da mai ɗawisu. Har ya fara yi wa abokan aiki bayanin bambancinsu kamar dillali.

Wata Asabar aka ɗaura auren wani abokinsa a Kurfi, ya ji kunyar ya wuce bai ratsa Rawayau ba. Ya shiga gida ba sanarwa, ya tarar da Hassana a gindin turmi tana dakan doguwar ƙwayar nan da ya sha wahalar zaɓe. Ya tambaye ta wace irin ɓarna ce wannan. Ta jingine taɓarya. Ta gaji, kuma Inna na barci.

“Yaya, tuwo take so. Tun farko tuwo ta ce. Da wane haƙorin za ta tauna wannan?”

Ya leƙa ɗakin, ya ga jaka uku jere a kan tsohon akwatinta, an lulluɓe su da ɗankwali don ƙura, ya ga kuma abin da ya rage na uwarsa a kan gado. Ya fita da babbar rigarsa ta ɗaurin aure ya tsaya a teburin Jibo, a gaban duk masu zaman inuwa, ya ce a auna masa ta tuwo.

Hassana ta tuƙa, ya yi laushi ya kama, ta kwashe malmala ɗaya ƙarama, ta zuba taushe da man shanu. Aka tayar da Inna aka jingina ta da filo. Hassana ta ce mata wannan baban Raihana ne ya auno da hannunsa. Tsohuwar ta sa yatsa ta danna tuwon, ya lotsa ya tsaya yadda ake so. Ta gutsuri kaɗan ta kai baki. Ta yi ƙoƙari, ana ganin maƙogwaronta na motsi, amma ya ƙi wucewa. A makonnin nan ko kunun sai an tsinka shi da ruwa. Hassana ta tara mata hannu, tsohuwar ta dawo da lomar.

Ta ɗan huta. Sannan ta tura kwanon a hankali wajen ƙofa, inda yake durƙushe, fuskarta na kallon bango.

“Ki ce masa wannan ta yi. Ya ci, kada ya huce.”

Badaru ya jawo kwanon. Rabonsa da tuwon gidan nan ya manta. Ya ci a nan bakin ƙofa, kansa a sunkuye, tana sauraron ƙarar kwanon har ya gama.