Ranar da Aka Ɗauki Tafiyar Mikail

Shekara biyu Rahmat ta yi tana shirya fim a kan rayuwar marigayi Baba Madu, ɗan siyasar da ya tsere zuwa Chadi a zamanin soja, ya shekara tara a can. Matarsa, Ya Kaltum, ita ta ba da labarin, ta kuma yarda a yi ɗauka a tsakar gidanta, bayan Kasuwar Kwastam a Maiduguri.

Labarin hijirar bai dame ta ba. Har dariya take yi in ta tuna yadda Madu ya ƙetare iyaka a ɓoye cikin lodin bandar kifi. Dariyar ba ta ɗaukewa sai an zo kan ɗansu Mikail. A Chadi aka haife shi, a Maiduguri ya zama saurayi. Da rikici ya tsananta, wata safiya ya tafi Khaddamari ɗauko gwaggonsa. Har yau babu shi, babu labarinsa.

Pindar, ɗalibin jami'a, shi aka zaɓa ya fito a matsayin Mikail. Ya Kaltum da kanta ta koya masa tafiyar ɗanta, ta ɗauko masa rigarsa daga ƙasan akwati.

Ranar da za a ɗauki tafiyar Mikail Khaddamari, Ya Kaltum tana zaune bayan kyamara. Pindar ya durƙusa gaban matar da ke wasan uwar, ya ce, "Inna, kafin la'asar na dawo."

Ya nufi ƙofa ke nan Ya Kaltum ta miƙe, ta riƙe hannun rigar.

"Ba za ka je ba."

Rahmat ta tsayar da ɗauka, ta matso a hankali. "Mama, wasa ne."

"Na sani, 'yata. Ban zauce ba." Ba ta saki rigar ba. "Ran nan ban hana shi ba. Har aike na ƙara masa, na ce ya taho min da albasa."

Pindar ya zauna a ƙasa kusa da ita, yana share ido. Ba a ƙara ɗaukar komai ba a ranar.

Washegari aka ƙarasa ɗaukar wurin a gidan maƙwabta. Da aka nuna fim ɗin, mutane suka cika ɗakin taro, wasu suka fita da kuka. Ya Kaltum ba ta je ba. Ta aika wa Rahmat da godiya, ta ce sau ɗaya ta ga fitarsa, ya ishe ta.