Ƙuri'ar Lalla Zuhur

Si Bushayib, tsohon mai haƙar ma'adinai a garin Huribga, ya yi wa jam'iyyarsa hidima tun zamanin da kowace jam'iyya ke da launin takardar ƙuri'arta. Saboda ita aka taɓa ɗaure shi.

Ranar Juma'a suna cin kuskus, yana yi wa surukinsa alfahari cewa gidan nan bai taɓa ba wata jam'iyya ƙuri'a ba.

Matarsa, Lalla Zuhur, ta ce, "Ka yi maganar kanka, Si Bushayib. Ni ban taɓa zaɓenku ba."

Loma ta tsaya masa a hannu. Ya ce, "Wasa kike yi."

"Da kana kurkuku, wa ya leƙo mu cikin abokanka? Matar abokin hamayyarku ce take kawo mana gari da man zaitun. Su nake zaɓa tun lokacin."

"Amma ke kike dafa wa 'yan taronmu shayi."

"Shayi dai ai na baƙi ne."

Ya dubi 'yarsu, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Ya tashi bai wanke hannu ba, ya zauna a ƙofar gida har aka kira la'asar.