Alhamdulillahin Abarshi

"Sake kunnawa," in ji Maliki. "Sake kunnawa in ji da kunnena."

Sadisu ya danna wayar, ya ɗaga ta sama don duk 'yan majalisar da ke ƙarƙashin dalbejiyar su gani. Ga Abarshi nan kwance a gadon asibiti, cinyarsa naɗe da bandeji, idanunsa sun zurma. Muryar wani saurayi, mai zaƙi irin ta masu tallar magani a kasuwa, ta tambaye shi, "Baba, yaya kake ganin ƙoƙarin shugaban ƙasa a wannan yaƙi da 'yan bindiga?" Abarshi ya ɗan juyo da kai, ya ce, "Alhamdulillahi. Sai godiya." Daga nan kiɗa ya tashi, manyan haruffa suka cika fuskar wayar: KO WANDA AKA HARBA YA GAMSU.

"To, ka ji, Baba Maliki," in ji Sadisu. "Maƙwabcinka ne, ba nawa ba. Da bakinsa ya faɗa."

Maliki ya kawar da ido daga wayar. Tela ne shi, katanga ɗaya ta raba gidansa da na Abarshi shekara talatin da ɗaya, kuma shi ya ɗauko Abarshi a bayan babur ranar da aka harbe shi. Shekara uku gonar Abarshi ta wajen Gayam tana kwance, ba mai iya taka ta saboda 'yan bindiga. Bana da rediyo ya yi ta cewa an kakkaɓe dajin, sai ya ɗauki fartanya ya je ya shuka masara. Masara ta yi kyau kuwa. Ranar da ya je duba ko ta isa karya, wasu samari uku a kan babur ɗaya suka tare shi, suka harbe shi a cinya, ƙarar bindigar ta tafi da kunnensa na hagu. Yau kwana tara ke nan. A rana ta huɗu ne wata tawaga ta 'yan siyasa ta zo duba marasa lafiya da sabulu da gwangwanin madara, kowane babba da mai ɗaukar masa hoto a bayansa.

To, don Allah, wane Bahaushe ne za ka tarar a gadon ciwo, ka sunkuya ka tambaye shi ko ma mene ne, ya ce maka wani abu ban da Alhamdulillahi? Wanda gidansa ya ƙone ƙurmus ma, ka tsaya a kan tokar ka tambaye shi, abin da zai ce maka ke nan. Yaron da ya riƙe wayar ya sani sarai. A gidan Hausawa aka haife shi, ba daga sama ya faɗo ba.

"Gaisuwa ya amsa!" Maliki ya daka tsawa har jijiyar wuyansa ta miƙe. "Ta kurman kunnen aka yi masa magana, ya zaci jiki ake tambayarsa. Allah ya gode wa, Sadisu, ba shugabanku ba. Ku ji tsoron Allah mana! Ba ku hana a harbe shi ba, ba ku iya kai shi Kaduna ba, shi ne za ku zo ku sace masa har gaisuwar bakinsa?"

"Ni ban sace komai ba, turo mini aka yi." Sadisu ya gyara hula, murmushin ya bar fuskarsa. "Amma ku ma ku riƙa adalci. Kafin mutumin nan ya hau, jirgi nawa ka taɓa gani a saman dajin Kamuku? Ƙanena soja ne, a dajin nan aka kashe shi, ni na shiga kabarinsa. In ka ce ba a yin komai, kamar ka ce ya mutu a banza ne. An ma faɗa a rediyo, mutum bakwai cikin goma suna bayan shugaban."

"Bakwai ɗin a ina aka ƙirga su? An zo ƙauyen Kusasu? An tambayi mata 'yan gudun hijira da ke kwana a ajin firamare?"

Bappa, wani Bafulatani da ya dawo cikin gari da zama tun da aka kora masa garke, yana gefe yana sassaƙa sandar da ba shi da abin korawa da ita. Bai ɗago kai ba ya ce, "Jirgin kam na gani. Sai dai daga can sama bai san wanda ya saci saniya da wanda aka sace wa ba."

Nan majalisa ta rabu biyu kamar kullum. Wannan ya ce yaƙi sai a hankali, wancan ya ce hankalin ya cinye rabin ƙauyukansu. Wani ya ce shugaban mutumin kirki ne, na kusa da shi ne ke rufe masa ido. Wani ya ce wanda ya yarda aka rufe masa ido shekara da shekaru, da ma barci yake ji. Abin da ya fi ƙona ran Maliki, kowane ɓangare sai ya jawo Abarshi. Sadisu ya tuna musu cewa Abarshi ya sha rana a layi ya zaɓi mutumin nan. Gaskiya ne, ya zaɓe shi. Amma tun da gonarsa ta gagara, Abarshi bai ƙara sa baki a hirar siyasa ba; sai ya zauna yana jan carbi, in an matsa masa ya ce shi ba ya jin magana da yawa. Maliki ya tabbata ya san ma'anar wannan shirun.

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Wallahi yau ɗin nan zan ɗauko muku maganarsa ta gaskiya. Da wannan wayar tawa. Sai ku yaɗa ta kamar yadda kuka yaɗa waccan."

Abarshi yana gida a lokacin. Likita ya ce ciwon ya ruɓe, ya shiga jini, sai Kaduna. Hanyar Kaduna kuwa ba a bin ta sai da rakiyar sojoji, rakiyar an ce Litinin, aka ce Laraba, aka ce a dai saurara. Da Huraira, matarsa, ta ga ba abin da ake yi masa sai kallon ledar ruwa tana ɗiga, ta ce a mayar mata da mijinta ɗakinsa.

Bayan azahar Maliki ya yi sallama. Tsakar gidan shiru, sai kaji suna tonon ƙasa a gindin turmi. Huraira ta fito daga ɗakin da buta a hannu, idanunta sun kumbura.

"Yauwa, Malam Maliki, Allah ne ya kawo ka. Zauna mini da shi in yi salla, tun ɗazu nake so in tashi na kasa barin shi."

Ɗakin yana warin magani da wani wari da Maliki bai so ya ba shi suna ba. Abarshi ya koma kamar tsumma a kan katifa, leɓɓansa sun bushe sun tsattsage. Maliki ya durƙusa ta ɓangaren kunnen da ke ji, ya danna wurin ɗaukar murya, ya kai wayar kusa da bakinsa.

"Abarshi. Ni ne, Maliki. Ka san abin da suka yi maka? Sun sa ka a waya, duniya tana kallo, wai ka ce ka gamsu da mulkin nan. Kai! Kai da suka bari aka harba a gonarka! Faɗa musu gaskiya. Ka ce ba haka kake nufi ba."

Idanun Abarshi suka buɗe, suka yi yawo a rufin ɗakin, suka sauka a kansa. Leɓɓansa suka motsa. Maliki ya ƙara matsowa.

"Ruwa," in ji Abarshi.

"Yanzu, yanzu zan ba ka. Kalma biyu kawai, ɗan'uwana. Ka ce ban gamsu ba. Faɗa musu, Abarshi, faɗa musu!"

"Ruwa."

Kofin yana nan a bakin ƙofa, taku uku. Maliki ya kalle shi, ya kalli wayar da ke ƙirga daƙiƙu. "Ga shi nan zuwa. Ka ce ban gamsu ba, shi ke nan. Kada ka bar su da sunanka."

Abarshi bai ƙara cewa komai ba. Numfashinsa ya canja, ya koma ja da ƙarfi da tsayawa. Sai a lokacin Maliki ya yar da wayar a kan tabarma ya zabura ya ɗauko kofin, yana ƙwala wa Huraira kira. Ta shigo da hijabin sallarta, ta karɓi kofin daga hannunsa, ta tsoma yatsa ta shafa wa mijinta a leɓe. Ruwan ya gangaro ta gefen baki. Ta sa bakinta a kunnensa na dama tana laƙƙana masa kalmar shahada a hankali, tana maimaitawa. Leɓɓansa sun motsa, wannan kam Maliki zai iya rantsewa. Kafin la'asar aka rufe masa ido.

Ko a zaman makoki ba su bar bawan Allahn nan ya huta ba. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ana shafa fatiha, da an sauke hannu sai a koma. Wani baƙo da ya zo gaisuwa daga cikin gari ya ce ai ya ga mamacin a waya, Allah sarki, mutum mai godiya, ya cika yana yaba wa gwamnati. Yana yaba wa gwamnati! Maliki ya ji kamar ya shaƙe shi da rawaninsa. Mutanen ɓangarensa suka yi ta zungurinsa.

"Malam Maliki, ba ka ce za ka ɗauko maganarsa ba? Ai kana wurin. Kunna musu su ji kunya."

"Bai ce komai ba."

"Haba, ko kalma ɗaya?"

"Na ce bai ce komai ba."

Sadisu, wanda da shi aka haƙa kabarin kuma har yanzu jar ƙasa na farcensa, ya dube shi ya kawar da kai. Bai ƙara kunna bidiyon ba, amma bidiyon ba ya bukatarsa. Ya riga ya kai Kaduna, inda mai maganar ya kasa kaiwa.

Sau uku Maliki yana ɗora yatsa a kan wurin goge muryar da ya ɗauka. Minti shida da 'yan daƙiƙu ne, wayar ta ci gaba da ɗauka a kan tabarma har ƙarshe. Ya kasa gogewa, ya kuma kasa saurara.

Ranar sadakar uku da hantsi, bayan an raba waina mutane sun ragu, aka ce masa Huraira tana son magana da shi. Ya shiga soro ya tsuguna. Tana bayan asabarin ƙofar ciki, cikin takaba, ƙafafunta kawai yake gani.

"Malam Maliki, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Ya namu haƙurin?"

"Alhamdulillahi." Ta gyara zama. "Mata suna ta cewa ka ɗauki muryar Malam a wayarka ranar nan. Ni ba ruwana da rigimarku ta shugaba. Waccan ta asibitin an nuna mini, ban so ba, sun sa masa kiɗa. Ban da ita ba ni da muryarsa ko ɗaya. Ina so in ji abin da ya ce sa'ad da nake salla."

Ƙarya ta zo masa har bakin harshe, mai sauƙi, mai rufin asiri: wayar ba ta ɗauka ba. Wa zai ƙaryata shi? Ya haɗiye ta. An riga an yi wa maganar Abarshi ƙarya sau ɗaya, shi ya fi kowa ihu a kai.

Ya nemo wurin, ya danna, ya tura wayar ta ƙarƙashin asabarin.

Muryarsa ce ta fara fitowa, babba, mai zafi, ta cika soron. Bai taɓa sanin haka yake da ƙara ba. Sai ƙaramar muryar ta biyo baya da kalmarta ɗaya. Sai tasa kuma. Sai ƙaramar. Maliki ya kafa ido a ƙasa. Ƙafafun Huraira ba su motsa ba, har aka zo kan kiran sunanta, da muryarta tana maimaita shahada, da dogon shirun da ya biyo baya.

Ta tashi. Ya ji takunta ya yi cikin gida, ya ji an buɗe murfin randa, ya ji takun ya dawo. Asabarin ya ɗaga kaɗan. Hannunta ya turo faifai, wayarsa a kai, kusa da ita kofin silba cike da ruwa, kamar yadda ake kawo wa kowane baƙo.

A waje wani ya ɗaga murya yana cewa a ba shugaban nan lokaci, wani yana amsa masa. Maliki yana tsugune, hannayensa a kan gwiwa. Sanyin ruwan ya fara tsattsafowa a jikin kofin, yana gangarowa a hankali yana jiƙa faifan.