Jan Ɗigo a Tagar Hawa na Uku

"Mayar da abin da ka goge."

"Yaya, datti ne fa."

"Dattin nake son gani. Mayar da shi."

Dogo ya danna linzamin kwamfutar, jan ɗigon ya dawo inda yake. Mijin yayarsa ya sunkuyo ta bayan kujera, warin man dizal na tashi daga rigarsa. Direban babbar mota ne, da safen nan ya dawo daga doguwar tafiya, ya biyo ta shagon hoton Dogo don ya sa wayarsa a caji. Da Dogo ya san zai tsaya a kansa, da wani aikin ya buɗe.

Hoton benen da yayarsa da mijinta ke haya ne. Mai gidan ya yi sabon fenti, yana neman 'yan haya, ya ce a ɗauko masa ginin da almuru, lokacin da fitilu ke kamawa. Shekaranjiya Dogo ya hau rufin wani shago da ke kallon benen, ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya bar idonta a buɗe tana shan haske a hankali. Hoton ya fito da kyau, sai dai ya yi yashi-yashi, ga ɗige-ɗige ja da shuɗi sun watsu a wuraren duhu. Su yake bi yana gogewa. Ɗaya ya faɗa tsakiyar wata taga a hawa na uku, tagar da babu fitila a cikinta.

"Ɗakin wa ne wannan?" in ji direban.

"Naku."

"Ina shan taba?"

"A'a."

"Yayarka na sha?"

"Haba, Yaya."

"To wutar sigarin uban wa ce a ɗakina, ranar da ba na gari, ranar da ta ce mini tana wajen Mama?"

Dogo ya shafa ƙeya. Sun saba wasa da mutumin nan, direban na kiransa mai satar fuskar mutane, shi kuma yana ce masa sarkin barci a kan sitiyari. Yau ko haƙorinsa bai gani ba.

"Ba wuta ba ce. In ka bar kyamara ta daɗe a buɗe, cikinta na ɗaukar zafi, sai wasu 'yan idanunta su riƙa ƙirƙirar hasken da babu shi. Duba sama, ga wani. Can ma akwai mai shan taba?"

"Na sama ba ruwana da shi. Hoto nawa ka ɗauka?"

Dogo ya buɗe sauran. A kowanne ɗigon na nan a tagar, bai gusa ba. Ya so ya ce ai wannan ce shaidar laifin kyamara, sai ya tuna bai matsar da ƙafafun ba ko kaɗan, ita ma tagar ba ta gusa ba. Ya kuma tuna da hannunsa ya kashe wurin da kyamarar ke wanke hotonta da kanta, don yana ninka jira, shi kuma a ranar sauri yake yi.

"Ka yi shiru," in ji direban. "Ciki ɗaya kuka fito, ai dole."

"Zauna, zan nuna maka."

Ya ɗauko kyamarar, ya toshe idonta da murfi, ya rufa mata baƙin ƙyalle, ya saita ta kamar na ranar. Ya ce duhu zalla za ta ɗauka. Duk ɗigon da ya fito a cikin duhun nan nata ne, ba na duniya ba.

Suka jira. Fanka na kaɗawa, wata mata ta leƙo tana tambayar hoton fasfo, direban ya ce mata an tashi. Da hoton ya fito, baƙi ne ƙirin, da 'yan ɗige-ɗige a gefe. Inda tagar take babu komai.

Direban ya miƙe, ya zare wayarsa daga caji.

"Tsaya. Da sanyinta na ɗauko ta. Ranar ta daɗe tana aiki kafin in kai ga wannan hoton."

"Wato sai ka dafa ta sannan ta faɗi abin da kake so."

"Motarka da sanyin safe da bayan ta hau tudu, ƙararta ɗaya ce?"

Direban ya koma ya zauna. Dogo ya kashe fanka, ya sake dannawa, ya sake, ya sake. Zufa ta fara bin wuyansa. Yana jiran kyamarar yana lissafin abin da bai faɗa ba. A ranar, da ya sauko daga rufin, gidan Mama ya wuce, kuma bai tarar da yayarsa ba. Bai tambaya ba. Wataƙila ta shiga maƙwabta, wataƙila ta riga ta tafi. Ya san halin mutumin da ke zaune a gefensa, ba ya faɗa, ba ya zagi, sai dai a wayi gari a ga kayanka a bakin ƙofa.

Da jikin kyamarar ya yi ɗumi, baƙin hoton ya cika da ɗige-ɗige. Dogo ya ɗora shi a kan hoton benen, ya daidaita kusurwa da kusurwa. Na sama ya hau kan na sama. Wani ja ya zauna daram a kan na tagar.

"Ka gani?"

Direban ya matso har numfashinsa na taɓa gilashin kwamfutar. Ya daɗe yana kallo, kafaɗunsa suka sauka kaɗan.

"Cire su in ga tagar."

Dogo ya sa kwamfutar ta debe baƙin hoton daga na benen. Ɗige-ɗigen suka ɓace gaba ɗaya, sama ta yi sumul, tagar ta koma duhu. Direban ya furzar da iska, ya juya yana naɗe igiyar caji.

Idon Dogo bai bar tagar ba. A ƙasan inda ɗigon yake, wani ja-ja ya rage, mara ƙarfi, ya ɗan ja tsayi kamar an shafa yatsa. Ɗigon kyamara ba ya tafiya, a wuri ɗaya yake tsayawa. Abin da ya motsa ne ke barin sawu irin wannan. Zai iya zama fitilar birkin wata mota ce ta haska gilashin tagar, titin ba ya rabuwa da motoci. Zai iya zama ragowar yashin ne, tunda zafin yau ba na ranar ba ne. Ya yi sauri ya ƙanƙance hoton, tagar ta koma kamar ƙwayar wake.

"Shi ke nan, Yaya. Je ka huta, ka sha hanya."

Direban ya kai bakin ƙofa, ya ɗaga labule, ya tsaya. Ya dubi kwamfutar, ya dubi hannun Dogo da ke kan linzami har yanzu.

"Da can ƙara girman hoto kake yi in na ce ina son gani," ya ce a hankali. "Wannan karon me ya sa ka rage shi?"